Me Ya Sa 230 Da 230 Ba Su Zama 460 Ba?

 A cikin masu sauraron filinmu na lissafi, wanda yake da takarda da biro a kusa ya jawo su, mai kalkuleta ma ya ɗauko ta. An ce gani ya kori ji, to mu a nan ji kaɗai gare mu. Zanen da ya kamata in yi muku a allo, ku ne za ku yi shi da hannunku.

Bari mu fara da abin da duk mai aikin wayarin ya sani. In kuka ɗaga kai kuka dubi turakun wuta da suka taso daga taransifomar unguwa, sau da yawa za ku ga waya huɗu. Uku masu wuta ne, ma'aikata na ce musu fes, ta huɗun kuma nutural. Ma'aikaci ya sa mitarsa tsakanin fes na farko da nutural, sai ya ga wajen bolt 230, in wutar ta cika ke nan, don mun san halinta. Ya koma fes na biyu da nutural, 230 ne dai. To yanzu ya sa mitar tsakanin fes da fes. Ɗan firamare zai ce 460, in kuwa ɗebewa ake yi ya ce sifili. Mita sai ta nuna wajen 400. Kuma lafiyarta ƙalau. Don Allah kada wani ya ce zai je ya gwada, wannan aikin masu sana'ar ne da kayan aikinsu. Mu da biro za mu nemo inda 400 ɗin ta fito.

Lissafin da zai kai mu can shi ne na haɗaɗɗun lambobi, waɗanda 'yan makaranta ke kira kwamfiles namba. A Najeriya galibi a shekarar farko ta jami'a ko kwalejin fasaha ake gamuwa da su, a Nijar kuwa tun a ajin ƙarshe na lise masu karatun kimiyya suke fama da su.

Asalinsu daga wata tambaya ce da ta yi kama da shirme. A 1545 wani likita ɗan Italiya, Gerolamo Cardano, ya buga littafinsa na aljabara mai suna Ars Magna. A ciki ya kawo wannan: a raba 10 gida biyu, ta yadda in an ninka kashi ɗaya da ɗayan za a sami 40. Ku gwada. 5 sau 5, 25. 6 sau 4, 24. 7 sau 3, 21. Duk yadda ka juya ba za ka wuce 25 ba. Cardano ya bi ƙa'idar aljabara ido rufe, sai ta ce masa amsar ita ce 5 a tara da wata aba, da 5 a ɗebe wannan abar, abar kuwa in an ninka ta da kanta tana ba da mainos 15. Babu irin wannan lamba a cikin waɗanda muke ƙirge da su, don ko mainos ka ninka da mainos, amsar sama da sifili take fitowa. Amma da ya yi ninkin, 40 ɗin ta fito cif. Ya rubuta, ya ga ba ta da amfani, ya wuce. Sai a 1572 wani ɗan ƙasarsu, Rafael Bombelli, ya zauna ya tsara yadda ake tara irin waɗannan lambobi da yadda ake ninka su. Daga baya Leonhard Euler ya ba lambar da in an ninka ta da kanta take ba da mainos 1 harafin i. Haɗaɗɗiyar lamba ke nan: ɓangare na lambar da muka saba, da ɓangare mai ɗauke da i. Misali 3 + 4i, wato 3 a tara da 4i.

Fiye da shekara ɗari biyu masana suna aiki da su suna ɗari-ɗari, don ba wanda ya iya nuna inda suke. Wanda ya fara nunawa sarai ba malamin jami'a ba ne. Safiyo ne, mai awon ƙasa, ɗan Norwe mai suna Caspar Wessel, wanda ya yi shekaru yana aikin taswirar ƙasar Denmak. A 1797 ya miƙa wa majalisar masana kimiyya ta Denmak takardarsa, aka buga ta a 1799. Da harshen Denmak ya rubuta ta, shi ya sa ta kwanta kusan shekara ɗari ba wanda ya kula. A 1806 wani mai suna Argand ya fito da irin wannan tunani a Faris, kuma har yau sunansa ne a kan zanen a littattafan makaranta. Ni dai a ganina an ci haƙƙin safiyon.

Ba abin mamaki ba ne a ce mai awon ƙasa ne ya gano. Aikinsa kullum shi ne faɗin inda wuri yake, kuma hanya biyu ce ake faɗa. A ce kana tsaye a bakin rijiya a fili, wani ya tambaye ka inda aka kafa turke. Kana iya ce masa, yi taku 3 gabas, sannan ka yi taku 4 arewa. Kana kuma iya ce masa, fuskanci can, ka miƙe sak taku 5. Turke ɗaya ne, kwatance ne biyu. Na farkon shi ne sigar kwance da tsaye, wadda ake kira rektangula. Na biyun shi ne sigar nisa da kusurwa, wadda ake kira fola. Darasinmu na yau shi ne yadda za a ba ka na biyun ka fitar da na farkon.

To ku zana. Ku ja layi a kwance daga hagu zuwa dama, ku ja wani a tsaye ya ratsa shi a tsakiya. Mahaɗarsu ita ce sifili. Dama gabas ce, sama arewa, hagu yamma, ƙasa kudu. Lambobin da muka saba suna kan layin kwance, masu mainos a yamma. Masu i suna kan layin tsaye, i a arewa, mainos i a kudu. Kusurwa kuma daga gabas ake fara auna ta, a juya ta hannun hagu, akasin tafiyar hannun agogo. Gabas digiri 0, arewa 90, yamma 180, kudu 270, a dawo gabas a 360.

A nan ina jan kunnen waɗanda suka yi darasin biyarin a sakandare. Can daga arewa ake farawa, a bi hannun agogo. Nan daga gabas ne, a saɓa wa agogo. Wanda ya haɗa su zai sa na kwance a tsaye, na tsaye a kwance.

Ga lambarmu ta farko: nisa 10, kusurwa digiri 30. Ku ɗora biro a sifili, ku fuskanci gabas, ku ɗan karkata sama kashi ɗaya cikin uku na hanyar zuwa arewa, ku ja layi. Ku rubuta 10 a jikinsa. Daga ƙarshen layin ku sauko da wani layi sak har ya taɓa layin kwance. Me kuka samu? Alwatika mai kusurwar digiri 90. Gefenta mafi tsawo shi ne 10 ɗinmu. Gindinta shi ne tafiyar gabas, tsayinta shi ne tafiyar arewa. Su biyun muke nema.

Nan ne kos da sain suke shigowa, kuma ba wasu dodanni ba ne. Kos na kusurwa yana gaya maka, in ka yi taku ɗaya ta wannan fuska, nawa ka matsa gabas. Sain yana gaya maka nawa ka matsa arewa. Kos na 30 shi ne 0.866, sain na 30 kuma rabi, 0.5. Taku 10 muka yi, sai mu ninka. Gabas, 10 sau 0.866, ya ba mu 8.66. Arewa, 10 sau 0.5, ya ba mu 5. Lambarmu a sigar kwance da tsaye ita ce 8.66 + 5i.

Ƙa'idar ke nan gaba ɗayanta. Zan maimaita a hankali don masu rubutu. Na kwance, nisa sau kos na kusurwa. Na tsaye, nisa sau sain na kusurwa, a liƙa masa i. A littafi za ku ga r a madadin nisa, da harafin Girka tita a madadin kusurwa. Wani littafin ma zai rubuta r sau e da i tita a samansa, bisa ƙa'idar da Euler ya buga a 1748. Kada ya firgita ku, nisa da kusurwa ne dai aka ba ku, aikin bai canja ba.

Wani zai ce, Malam, 8.66 da 5 ai sun kai 13.66, ya aka yi suka fi 10? Saboda wanda ya yi gabas sannan ya yi kwana ya yi arewa zagaye ya yi, mai 10 kuwa yanke ya yi. In kana son ka tabbatar da aikinka, ninka kowanne da kansa ka tara. 8.66 sau 8.66, 75. 5 sau 5, 25. Jimla 100, wato 10 sau 10. Ƙa'idar Pythagoras ce.

Yanzu mu matsar da kusurwar zuwa 150, nisa 10 dai. Kafin ku taɓa kalkuleta, ku dubi zanenku. 150 ta wuce arewa, saura digiri 30 ta kai yamma. Ashe lambar tana arewa maso yamma. Tun daga nan kun san na kwance zai zo da mainos, na tsaye ba zai zo da shi ba. Kos na 150 mainos 0.866 ne, sain ɗinta 0.5. Amsa, mainos 8.66 + 5i. Wata kuma, nisa 8, kusurwa 240. Ta wuce yamma da digiri 60, tana gangarawa kudu, saboda haka dukansu biyu mainos ne. Kos mainos 0.5, sain mainos 0.866. Amsa, mainos 4, mainos 6.93i.

Na ga ana sa yara haddar wane kwata na zagaye ne kos yake da mainos, wane ne sain yake da shi. Ba na ce haramun ba ne, amma wanda ya san gabas da yamma ba ya buƙatar wannan hadda. Malamin da ya ba da ƙa'ida kafin ya sa a yi zane, ya ɗora wa ɗalibi kayan da bai san abin da ke ciki ba.

To mu koma kan wayoyinmu. Wutar da ake ba mu a Najeriya da Nijar ba gefe ɗaya take tafiya ba, kai-da-komo take yi, sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Kowane zuwa da dawowa ana lissafa shi zagaye guda, digiri 360. Fes ukun nan ƙarfinsu ɗaya, amma ba tare suke kaiwa ƙololuwa ba. Tun daga janaretan tashar wuta aka jera su, kowane yana bin ɗan'uwansa da sulusin zagaye, wato digiri 120. Saboda haka faɗin 230 kawai bai gama bayanin fes ba, sai an haɗa da kusurwarsa. Na farko 230 a kusurwa 0, na biyu 230 a kusurwa 120, na uku 230 a kusurwa 240. Kun ga sigar nisa da kusurwa ta fito da kanta.

Mitar da aka sa tsakanin fes biyu bambancinsu take aunawa. Amma ba a ɗebewa a sigar nisa da kusurwa, dole a juya. Na farko, kos na 0 shi ne 1, sain na 0 sifili, saboda haka 230 ne a kwance, babu komai a tsaye. Na biyu, kos na 120 mainos rabi ne, 230 sau mainos rabi, mainos 115. Sain na 120 kuma 0.866, sau 230, wajen 199. Yanzu a ɗebe, kwance da kwance, tsaye da tsaye. 230 a ɗebe mainos 115, ya zama 345. Sifili a ɗebe 199, mainos 199. Bambancin shi ne 345, mainos 199i. Mita ba ruwanta da kusurwa, nisan kawai take nunawa. 345 sau 345, da 199 sau 199, in an tara sun kai wajen 158,600. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta take ba da haka? Wajen 398. Ga 400 ɗinmu nan, wadda ake rubutawa a jikin manyan motocin injin niƙa da na famfon burtsatse masu cin fes uku.

Tun da mun riga mun juya su, bari mu ƙara cin moriyarsu. Fes na uku, kusurwa 240, zai ba da mainos 115 a kwance, mainos 199 a tsaye. Ku tara duka ukun. A kwance, 230, mainos 115, mainos 115, sifili. A tsaye, sifili, 199, mainos 199, sifili. Sun cinye juna. Haka abin yake ga karan, wato wutar da ke gudana a wayoyin, wadda ake aunawa da amfiya. In gidajen da ke kan kowane fes suna jan amfiya 10, kuma kayan wutarsu iri ɗaya ne, wayar nutural ba ta ɗauke da komai a komawarta taransifoma. Amma a ce fes biyu suna jan 10, na uku yana jan 4 kawai. A kwance, 10, mainos 5, mainos 2, saura 3. A tsaye, 8.66 a ɗebe 3.46, saura 5.2. Nisan wannan 6 ne. Amfiya 6 ke nan suka hau kan nutural. Shi ya sa injiniyoyi suke so a raba gidaje daidai a kan fes ukun, kuma shi ya sa al'adar nan ta kowa ya sa a mayar masa da wayarsa kan fes ɗin da ya fi haske take wahalar da taransifomar unguwa. Kowa ya ruga fes ɗaya, shi ya yi nauyi, sauran suna zaune.

Mutumin da ya yaɗa wannan hanya a tsakanin injiniyoyin lantarki shi ne Charles Steinmetz, haifaffen Jamus da ya yi ƙaura zuwa Amurka ya yi aiki da kamfanin General Electric. A 1893, a wani babban taron masana lantarki a Shikago, ya gabatar da takarda kan amfani da haɗaɗɗun lambobi a aikinsu. Kafin nan lissafin wutar kai-da-komo sai wanda ya ƙware a kalkulas. Bayan nan ya koma tarawa da ninkawa. In kun buɗe littafin lantarki kuka ga j a inda muke sa i, abu ɗaya ne, su sun riga sun ba karan harafin i ne.

Mai tambaya zai ce, in sigar kwance da tsaye ce mai amfani, me ya sa ba za a zauna a kanta ba? Saboda kowace da inda ta fi sauƙi. Wajen ninkawa, sigar nisa da kusurwa ba ta da na biyu: a ninka nisa da nisa, a tara kusurwa da kusurwa, shi ke nan. Nisa 2 a kusurwa 30, sau nisa 3 a kusurwa 60, ya ba da nisa 6 a kusurwa 90. Arewa sak, wato 6i. Ku gwada yin wannan ninki da 1.732 + 1i da 1.5 + 2.598i, za ku iso 6i ɗin, amma sai kun yi gumi. Wannan ƙa'ida ce ma ta warware abin da ya dami Cardano. Ita i nisa 1 ce a kusurwa 90. Ninka ta da kanta, nisa 1, kusurwa 180. Taku ɗaya yamma, mainos 1. Ninkawa da i juyi ne na kwata, juyi biyu kuwa ka ba gabas baya.

Wajen tarawa da ɗebewa ne sigar nisa da kusurwa take gazawa, kuma nan ne ɗalibai suka fi faɗawa rami. An ba shi nisa 3 a kusurwa 0, da nisa 4 a kusurwa 90, a ce ya tara, sai ya rubuta 7 a kusurwa 90. A'a. 3 gabas ne da 4 arewa, 3 + 4i, nisansa 5, kusurwarsa digiri 53 da ɗan ɗoriya. Mai lissafin lantarki yini yake yana kai-kawo tsakanin sigogin nan biyu, ya ninka a wannan, ya juya ya tara a waccan.

Saura maganar kalkuleta, kuma ina roƙon ku ku saurara da kyau, don ta kayar da masu ƙoƙari da yawa a jarrabawa. Ba digiri kaɗai ake auna kusurwa da shi ba, akwai radiyan. A radiyan, rabin zagaye, digiri 180, shi ne pai, wajen 3.142. Kalkuleta tana aiki da duka biyun, kuma ba za ta tambaye ka wanne kake nufi ba. A saman gilashinta akwai ɗan ƙaramin harafi, D ko R. In tana kan R ka danna kos na 30, za ta ba ka 0.154, sain na 30 kuma mainos 0.988. Lambarmu ta farko sai ta fito 1.54, mainos 9.88i, can kusa da kudu, alhali tana gabas maso arewa. Abin haushin, in ka gwada ta da Pythagoras za ta ba ka 100 daidai, ka ɗauka ka ci. Nisan bai ɓaci ba, fuskar ce ta ɓace. Zane ne kawai zai tona asirinta. Saboda haka kafin ka fara kowane aiki, danna sain na 30. In ta ce 0.5, kana kan digiri. In ta faɗi wani abu daban, gyara ta tukuna. In kuma a tambayar aka ba ka kusurwa da pai a ciki, kamar pai bisa 6, to radiyan ne, ko ka mayar da kalkuletar kan R, ko ka sa 180 a gurbin pai ka raba, 180 bisa 6, digiri 30.

Masu Casio irin ta 'yan kimiyya za su ga an rubuta Pol da Rec a saman wasu maɓallai. Rec ɗin nan aikinmu na yau take yi: ka ba ta nisa, ka sa waƙafi, ka ba ta kusurwa, ta fito maka da na kwance da na tsaye. Ku yi amfani da ita, ba laifi, amma bayan kun yi da hannu, don duba aiki. Ita ma in tana kan R ƙarya za ta yi muku ba kunya.

Kusurwa mai mainos kuma ba wani sabon abu ba ne, juyi ne ta hannun dama. Mainos 90 kudu ce, daidai da 270. A littattafan lantarki za ku fi ganin mainos 120 a inda muka ce 240.

Ga aikin gida, ku rubuta. Na ɗaya, nisa 6, kusurwa digiri 60. Na biyu, nisa 12, kusurwa digiri 315, kuma ina so ku faɗi wane ɓangare ne zai zo da mainos kafin ku danna komai. Na uku, nisa 4, kusurwa pai. Na huɗu na masu wayarin ne: fes na farko yana jan amfiya 12, na biyu 6, na uku 6, nawa ne a kan nutural? A shiri na gaba za mu duba amsoshin, sannan mu bi hanyar komawa, daga kwance da tsaye zuwa nisa da kusurwa, wadda ta fi wannan tarko, don can kalkuleta tana iya nuna maka gabas alhali lambar tana yamma. Sai Allah ya kai mu.